Yadda za ka sarrafa siginar rada ta tauraron ɗan adam har ka fitar da taswirar ambaliya

Duk wanda ya taɓa neman hoton tauraron ɗan adam na watan Agusta ko Satumba ya san abin da zai tarar, gajimare ne fari fat ya rufe komai, kuma a daidai lokacin ne ake buƙatar hoton domin lokacin ne ruwa ke cin gonaki da gidaje. Rada ita ba ruwanta da gajimare, ba ruwanta da dare, da kanta take harbo siginar ta saurari amsa-kuwwar da ta dawo daga ƙasa. Amma fa abin da ke dawowa ba hoto ba ne, tarin lambobi ne kawai da in ka zana su a allon kwamfuta ba abin da za ka gani sai hatsi-hatsi, lissafi ne ke mayar da su hoto. Kuma abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, a wannan fanni kaifin hoto da faɗin ƙasar da ake ɗauka ba sa jituwa, in ka ja ɗaya ɗayan sai ya ragu, duk wata dabara da injiniyoyi suka ƙirƙiro don samun duka biyun akwai inda aka biya kuɗinta, kuma tabon wannan biyan yana nan cikin hoton da za ka sauke. In ba ka san inda tabon yake ba za ka zana ruwa a inda babu ruwa.

Zan yi amfani da Sentinel-1 na hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, saboda kyauta ne kuma kowa na iya saukewa. Na farko, 1A, an harba shi a Afrilun 2014, na biyu 1B ya bi a 2016 amma ya samu matsalar wuta a Disamban 2021 ya daina aiki, sai a Disamban 2024 aka harba 1C. Yana shawagi a tsayin kilomita 693, kowanne ɗaya yana maimaita hanyarsa duk kwana 12, tsawon zangon siginarsa wajen santimita 5.6 ne, eriyarsa kuma tsawonta mita 12.3. Ka riƙe waɗannan lambobin, za mu yi ta dawowa kansu.

Matakin farko, gane nisa

Radar ba ƙasa kai tsaye take kallo ba, gefe take kallo, dama, don abubuwan da ke ƙasa su zama a nisa daban-daban, na kusa amsarsa ta riga dawowa na nesa ta biyo baya. Toh in kana so ka rarrabe abu biyu da ke kusa da juna sai harbin ya zama gajere sosai, amma gajeren harbi ba shi da ƙarfi, kafin ya je kilomita ɗari takwas da wani abu ya dawo ya nutse cikin hayaniyar na'ura. Sai aka ce toh a yi dogon harbi amma firikwansinsa ya riƙa hawa daga farko zuwa ƙarshe, ta yadda kowane ɓangare na harbin yana da tasa alamar. Idan amsa ta dawo sai ka ɗauko kwafin abin da ka harba ka riƙa gwada shi a kan abin da ya dawo, inda suka yi daidai cif sai lissafin ya yi tsini sama, inda ba su yi ba ya kwanta. Wannan shi ake kira matsewa. Harbi mai tsawon maikirosakan 50 in ba a matse shi ba abu biyu sai sun yi kilomita 7.5 tsakaninsu kafin ka rarrabe su, amma in faɗin firikwansin da ya hau ya kai megahaz 50, bayan matsewa ya koma mita 3. Lissafin ba wuya, saurin haske ka raba da ninki biyu na faɗin firikwansin. Mita 3 ɗin nan a kan layin kallo ne na karkace, in ka kwantar da shi a ƙasa ya zama wajen mita 5, kuma shi ne abin da Sentinel-1 ke bayarwa ta wannan ɓangaren.

Ina ba ka shawara ka gwada wannan da hannunka kafin ka taɓa kowace manhaja. Ka buɗe Python, da numpy kawai, ka ƙirƙiri wannan harbin mai hawa, ka ajiye kwafinsa biyu ko uku a wurare daban cikin dogon layin sifili, ka zuba hayaniya a kai har ka daina ganinsu, sannan ka yi FFT na layin, wato lissafin da ke rarraba sigina zuwa firikwansin da ke cikinta, ka ninka da kishiyar FFT na harbin, wato conjugate ɗinta, ka dawo da shi. Za ka ga tsinaye sun fito daga cikin shara, wallahi ranar da ka ga wannan da idonka rabin fannin ya zauna maka. Za ka kuma lura kowane tsini yana da ƙananan 'ya'ya a gefensa, na farkon yana ƙasa da uwar da desibel 13 kacal (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne), wato abu mai haske kamar rufin kwano ko gada zai iya binne maƙwabcinsa mai duhu. Maganinsa a sassauta gefunan firikwansin da tagar Hamming, 'ya'yan su kwanta, amma tsinin ya ɗan yi kauri. Ga biya na farko ke nan.

Mataki na biyu, ta hanyar tafiya

Nan ne ainihin abin mamakin yake. Eriya mai mita 12.3 a wannan zangon, daga wannan nisan, haskenta a ƙasa faɗinsa ya kusa kilomita 4, wato da a haka za a tsaya duk unguwa guda ɗigo ɗaya za ta zama. In kana son mita 5 da eriya zalla sai ka gina mai tsawon kusan kilomita 10 a sama, abin da ba zai yiwu ba. Wani injiniya Ba'amurke, Carl Wiley, a kamfanin Goodyear a 1951 shi ya gano mafita. Ka san yadda hon ɗin mota ke yi in ta taho da gudu, muryarsa ta yi sama, tana wuce ka ta faɗo ƙasa, toh haka amsar kowane abu a ƙasa take yi yayin da tauraron ke tunkaro shi sannan ya wuce, ana kiran abin Dofla. Tauraron na gudun kusan kilomita 7.5 a sakan, abu ɗaya yana zama cikin hasken na wajen rabin sakan, a wannan ɗan lokacin an harbe shi sau ɗaruruwa daga wurare daban-daban, kuma na'urar ba ƙarfin amsa kawai take adanawa ba har da matsayin igiyar a lokacin da ta iso. Sai ka tattara ɗaruruwan amsoshin nan ka daidaita matsayinsu ka haɗa, kamar dai eriyar ta kai tsawon tafiyar da aka yi. Kuma abin daɗin shi ne wannan sauyin na Dofla shi ma hawa da sauka yake a jere kamar harbin farko, don haka dabarar matsewa ɗaya ce za ka sake yi, wannan karon a tsaye maimakon a kwance.

Sakamakon yana ba mutane mamaki, kaifin da za ka samu rabin tsawon eriya ne, ba ruwansa da nisa. Ƙaramar eriya ta fi kaifi, saboda haskenta ya fi faɗi abu ya fi daɗewa a ciki.

Akwai wani ƙulli a tsakiya da ba a tsallake shi. Yayin da tauraron ke wucewa nisansa da abin yana raguwa sannan ya ƙaru, don haka amsar abu ɗaya ba ta zama a layi ɗaya miƙe, lanƙwasa take ta tsallaka gidajen nisa da yawa. Dole ka miƙar da wannan lanƙwasar kafin matsewa ta biyu, in ba haka ba hoton ya fito a shafe. Hanyar da aka fi koyarwa ita ce ta nisa-da-Dofla wadda aka gina tun zamanin Seasat, tauraron rada na NASA na 1978 da bai wuce kwana ɗari da 'yan kai yana aiki ba amma ya buɗe fannin gaba ɗaya. Tsarinta, ka matse nisa, ka yi FFT ta hanyar tafiya, a nan duk abubuwan da ke nisa ɗaya lanƙwasarsu ta hau kan juna sai ka miƙar da su a lokaci guda, ka matse ta hanyar tafiya, ka dawo. Daga baya a shekarun 1990 an fito da wasu hanyoyin da ke yin miƙarwar ba tare da cike gurbi tsakanin lambobi ba, amma ka fara da wannan, ita ce ke nuna maka abin da ke faruwa a fili.

Inda faɗi da kaifi suke karo

Don Dofla ta karantu daidai dole ka yi harbi akai-akai, aƙalla sau ɗaya duk lokacin da tauraron ya matsa rabin tsawon eriya. Ga Sentinel-1 wannan ya haura sau 1,200 a sakan. In ka yi ƙasa da haka firikwansin sai ya naɗe kan kansa, abu mai haske ya fito da fatalwarsa a wani wuri daban, an fi ganin wannan a kan teku kusa da birni, sai ka ga inuwar gari kwance a ruwa. Toh amma in ka yawaita harbi, lokacin saurare tsakanin harbi da harbi ya gajarce. Ɗauki harbi 1,700 a sakan, tazarar ba ta kai kashi 0.6 na milisakan ba, a wannan lokacin sigina za ta iya zuwa ta dawo a tazarar kilomita 88 ne kawai, kuma sai ka cire lokacin da radar ke harbi don ba ta ji in tana magana. Idan zirin ƙasar da kake haskawa ya fi wannan faɗi, amsar can nesa ta harbin baya za ta iso tare da amsar kusa ta sabon harbi su cakuɗe. Shi ke nan matsalar, kaifi na son harbi da yawa, faɗi na son harbi kaɗan. Shi ya sa Sentinel-1 in yana kallon ziri ɗaya kawai yana ba da mita 5 da mita 5 amma faɗin kilomita 80 ne.

Tsohuwar dabara ita ce raba lokaci, wadda RADARSAT-1 na Kanada da aka harba a 1995 ya shahara da ita har yana kai kilomita 500. Eriya ta haska ziri na kusa na ɗan lokaci, ta koma na tsakiya, ta koma na nesa, ta dawo. Kowane abu an kalle shi na ɗan gajeren lokaci, kaifin ya ragu, kuma wani abin tsakiyar haske ya same shi wani gefen haske, sai hoton ya fito da ratsin haske da duhu a jere. A 2006 De Zan da Monti Guarnieri suka kawo gyaran da ake kira TOPS, aka fara gwada shi a kan TerraSAR-X na Jamus, kuma shi ne Sentinel-1 ke amfani da shi a kan tudu kullum. A kowane guntun ɗauka eriyar na share haskenta daga baya zuwa gaba, ta yadda kowane abu duk hasken ya bi ta kansa, ratsin ya tafi. Ziri uku ne, IW1 da IW2 da IW3, jimla kilomita 250, kaifi mita 5 ta nisa, mita 20 ta hanyar tafiya. Ka gani, an ninka faɗi sau uku an rasa kaifi sau huɗu. Kuma akwai wani biyan a ɓoye, tunda hasken na juyawa, tsakiyar Dofla na gudu da dubban haz a cikin guntu ɗaya, don haka in za ka matsar da fiksil ko ka ɗora hoto kan hoto a matakin SLC, wato hoton da ke riƙe da matsayin igiya, dole a fara cire wannan gangaren a mayar bayan an gama, kuma masu auna motsin ƙasa sai sun daidaita hotuna biyu zuwa kusan kashi ɗaya cikin dubu na fiksil, in ba haka ba a ga tsalle a kowace mahaɗar guntu.

Sabbin dabarun su ne suka fi burge ni domin ba raba lokaci suke ba, kunnuwa suke ƙarawa. A raba eriya gida-gida a tsawonta, a yi harbi ɗaya amma kowane gida ya saurara da kansa ya adana nasa. Gida biyu na nufin harbi ɗaya ya ba ka samfuri biyu a wurare biyu, sai ka rage yawan harbi da rabi, faɗin ziri ya ninka, kaifi bai taɓu ba. Wahalar ita ce samfuran ba sa faɗawa a tazara daidai sai in yawan harbi ya dace cif da gudun tauraro da tazarar gidajen, in bai dace ba sai an bi da su ta wasu matatai da ke warware naɗewar Dofla a haɗe, aikin da Krieger da Gebert da Moreira na cibiyar DLR ta Jamus suka wallafa a 2004. Matatan nan in samfuran sun matsu kusa da juna suna kumbura hayaniya, kuma in gida ɗaya ya ɗan bambanta da ɗan uwansa a ƙarfi ko a matsayin igiya fatalwowi sun dawo, don haka rabin aikin awon gidajen ne. Gaofen-3 na Sin na 2016 yana da irin wannan mai gida biyu. Ɗaya dabarar kuma ta tsaye ce, a haska ƙasa mai faɗi a lokacin harbi, a lokacin saurare kuma a haɗa ƙananan eriyoyi da lissafi a yi siririn kunne da ke bin amsar yayin da take gudu daga kusa zuwa nesa. ALOS-4 na Japan da aka harba a Yulin 2024 da irin wannan lissafin yake ɗaukar kilomita 200 a kaifin mita 3, shi kuma NISAR na Amurka da Indiya da ya tashi a Yulin 2025 yana da faifan eriya mai faɗin mita 12 yana share kilomita 240. Su ma da nasu tabon, duk lokacin da radar ke harbi kurma ce, sai a samu siraran layuka makafi a cikin zirin, ana magance su da sassauya tazarar harbi don makantar ta riƙa yawo maimakon ta tsaya wuri ɗaya, sannan a cike gurbin da lissafi. Ga kuma tulin data da sai an sauko da ita ƙasa.

Yanzu aikin hannu

Ka yi rajista a Copernicus Data Space Ecosystem, ko Vertex na cibiyar ASF da ke Alaska, duka kyauta ne. Za ka ga matakai uku, ɗanyen Level-0 wanda ba a matse ba, SLC wanda aka matse amma yana riƙe da matsayin igiya kuma yana nan guntu-guntu, sai GRD wanda aka ɗinke aka kwantar a ƙasa aka bar ƙarfi kawai. Don ambaliya GRD ya ishe ka, ka nemi mai IW_GRDH_1SDV a sunansa. Girmansa wajen gigabait ɗaya ne, SLC kuwa ya ninka haka sau da yawa, don haka mai sayen data da kuɗinsa ya yi tunani kafin ya danna.

Hoto biyu kake buƙata, na lokacin ruwa da na kafin ruwa, kuma don Allah su zama daga hanya ɗaya, wato lambar zagayen ta zo ɗaya a cikin zagaye 175 da tauraron ke yi kafin ya maimaita, kuma duka masu hawa arewa ko duka masu gangarowa kudu. Dalili, kusurwar kallo a IW tana tashi daga wajen digiri 29 a gefen kusa zuwa 46 a gefen nesa, gona ɗaya in an kalle ta a kusurwa biyu haskenta ba ɗaya ba ne, sai ka ɗauka wani abu ya canza alhali ba abin da ya canza. Na kafin ruwan kuma kar ka je can watan Maris lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas ba ciyawa, ka nemi mafi kusa kafin ambaliyar.

Ka sauke SNAP, manhajar ESA, ita ma kyauta ce, tana son ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai don haka abu na farko ka yanke yankinka da Subset, kar ka ɗora wa laftof ɗinka kilomita 250 alhali ƙaramar hukuma ɗaya kake so. Daga nan Apply Orbit File, wanda ke sauko da ainihin hanyar da tauraron ya bi, mafi inganci yana fitowa ne bayan kwana 20 da ɗaukar hoto, in aikin gaggawa ne na wucin gadin ya wadatar. Sai Thermal Noise Removal, kuma wannan kar ka tsallake shi, ga dalili. Kowanne daga zirin nan uku hayaniyar na'urarsa daban ce, a kan tudu mai haske ba ka lura, amma a kan ruwa inda amsar ta yi rauni, musamman a VH, wato inda aka harba igiyar a tsaye aka saurare ta a kwance, hayaniyar ce kusan duk abin da kake gani, sai ka ga tafki ɗaya rabinsa ya fi rabi duhu da layi miƙe a tsakani. Wannan layin mahaɗar ziri ce, ba gaɓar ruwa ba. In yankinka ya taɓa bakin hoton ka cire hayaniyar gefe ma, ita sai ka yi ta kafin yankan.

Calibrate na biye, ka zaɓi sigma0, shi ke mayar da lambobin zuwa ma'auni na gaskiya da za a iya gwada na yau da na watan jiya.

Sai ɗige-ɗigen nan da ke sa hoton rada ya zama kamar an watsa masa gishiri. Mutane na ɗauka lalacewa ce, a'a, cikin fiksil ɗaya akwai dubban ƙananan abubuwa, ganye da tsakuwa da kara, kowanne ya maido da igiyarsa, wani wuri su haɗu su ƙarfafa juna wani wuri su kashe juna. Maganinsa matsakaici ne kawai, kuma matsakaici cin kaifi yake. GRD ɗin da ka sauke an riga an haɗa fiksil biyar ta ɓangaren nisa, shi ya sa ainihin kaifinsa mita 20 da 22 ne duk da cewa tazarar fiksil mita 10 aka rubuta. Wannan na ɓata min rai in na ga an rubuta a rahoto wai taswira mai kaifin mita 10, ba haka ba ne, rafin da bai kai mita 20 faɗi ba kar ka yi alkawarin ganinsa. Ka sa Refined Lee ko Lee Sigma, ƙaramar taga, kuma ka yi tacewar tun lambobin ba su koma desibel ba. In kana da hotuna da yawa na wurin, tacewa ta tsawon lokaci ta fi, don tana rage ɗigen ba tare da ta shafe gefuna sosai ba.

Range-Doppler Terrain Correction shi ke ɗora hoton a kan taswira ta gaskiya, yana amfani da bayanan tudu da kwari na SRTM ko na Copernicus mai mita 30. Ka zaɓi shiyyar da ta dace a tsarin taswira na UTM, Kano da Haɗeja shiyya ta 32 ta arewa, Maiduguri 33, Sakkwato da Yamai 31. Bayan nan ka mayar zuwa desibel.

Ruwa kwance santsi gare shi, siginar ta doke shi ta yi gaba ba ta dawo ba, don haka baƙi yake fitowa. Ka buɗe histogiram na yankin da ruwa da tudu duka suke da yawa, za ka ga tozo biyu, kwarin da ke tsakaninsu nan ne iyakarka, ko ka bar hanyar Otsu, wani lissafi da ke gano iyakar da kansa, ta zaɓa maka. Sau da yawa a VV, inda harbi da saurare duka a tsaye suke, ruwa na faɗawa ƙasa da desibel -15, a VH ya fi haka ƙasa, amma kar ka kwafi lambar wani, kowane hoto da tasa. In yankin duk tudu ne ruwan ɗan kaɗan, tozo na biyu ba zai fito ba, sai ka matso kusa da kogin ka sake. Da Band Maths ka ce duk inda yake ƙasa da iyaka a hoton ruwa kuma yake sama da ita a hoton kafin ruwa, sabon ruwa ne. Ka share ƙananan tsibiran fiksil ɗaya-biyu. Ƙidaya kuma mai sauƙi ce, fiksil 100 hekta ɗaya.

Inda ƙasarmu ke yaudarar rada

Wannan ɓangaren ne darussan da aka rubuta don Turai ba sa damuwa da shi. Busasshen rairayi mai laushi baƙi yake fitowa kamar ruwa, in ka yi aiki wajen Yusufari ko arewa da Nguru ko yankin Gure a Nijar da iyaka kawai, za ka zana tafkuna a kan tuddan yashi. Kwalta da titin saukar jirgi su ma haka. Hoton kafin ruwa ne ke ceton ka, tunda su kullum baƙaƙe ne. Bayan duwatsu kuma akwai inuwar rada inda siginar ba ta kai ba, a tsaunukan Mandara wajen Gwoza ko tudun Jos, har ƙananan duwatsu irin Kufena, ita ma baƙa ce, don haka ka cire duk inda gangaren ya wuce 'yan digiri, ruwa ba ya kwanciya a jikin dutse.

Akasin haka ya fi haɗari, wato ruwa na nan amma ya fito da haske. In iska na kaɗawa a babban ruwa kamar Tafkin Chadi ko dam ɗin Tiga, saman ya yi tuƙu-tuƙu ya maido da sigina, VV ya fi shan wannan, sai ka leƙa VH. A fadamar Haɗeja da Nguru inda kacala ta cinye hanyoyin ruwa, ko gonar shinkafa ko dawa da ruwa ya shiga ƙarƙashinta, siginar na dukan ruwa ta doki kara ta dawo kai tsaye, wurin sai ya ƙara haske, ba duhu ba. Don haka ka duba canji ta ɓangare biyu, inda ya yi duhu da inda ya yi haske fiye da kima, na biyun ka ba shi launi daban ka rubuta ana zaton ruwa ƙarƙashin tsiro.

Cikin gari ma haka ne, har ya fi. Lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shiga Maiduguri, irin wannan hanyar za ta nuna maka filayen da ke gefen kogin Ngadda da kyau, amma a unguwa mai cunkoso irin Gwange, inda bango da rufin kwano ke cika kowane fiksil, ruwan da ke lungu ba zai yi baƙi ba, bangon da ruwan tare suke maido da siginar. Taswirar da ta bar cikin gari fari ba ta ce ba ruwa ba, kuma in masu rabon agaji za su yi aiki da ita wajibi ne ka rubuta wannan ɓaro-ɓaro a jikinta, mutane ne a wuraren nan. Mai son ya matsa gaba a nan sai ya koma SLC ya auna yadda daidaiton igiya tsakanin hotuna biyu ya faɗi a kan gine-gine, a nan ne duk maganar guntu da gangaren Dofla da muka yi za ta zama aikinka na yau da kullum, sai ka raba ziri, ka daidaita, ka ɗinke guntayen da Deburst.

Ka kuma rubuta rana da awar da aka ɗauki hoton a kan taswirar. Tauraron da asuba ko da magariba yake wucewa, kuma zai iya zuwa kwana uku ko biyar bayan ruwan ya kai ƙololuwa, abin da ka zana ruwan wannan lokacin ne kawai. In kana da wanda ka sani a yankin, ka roƙe shi ya turo maka wurare goma ko ashirin da GPS na wayarsa, wasu a cikin ruwa wasu a busasshiyar ƙasa, ka ɗora a kan taswirar ka ga nawa suka dace, in iyakar na buƙatar matsawa ka matsar. Idan tsarin ya zauna, ka jera matakan a Graph Builder ka adana, hoto na gaba da zarar ya fito fayil kawai za ka canza.